Dan Allah wa ya san wannan furen mai ɗigo-ɗigo da ke fitowa a kan bishiya? Wai ya kusa ƙarewa a duniya

Abban Khalifa, Rigasa:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka san harkar tsirrai ko masu sana'ar fulawa. Akwai wani bawan Allah da yake kawo mana itacen girki da gawayi daga wajen Kachia, to tun kafin damina ya sauke kaya a ƙofar gida sai na ga wani ƙaton reshe da wani abu ya manne a jikinsa curi guda, kamar kauci amma ganyensa ko kusa bai yi kama da na kauci ba. Yana da wasu kara-kara masu gaɓa, tsayinsu ya kai kamu ɗaya wasu sun fi, ganyen a can sama kawai yake, sannan abin da ya fi ban mamaki saiwoyinsa farare sirara sama suke kallo maimakon ƙasa, sun yi cunkus busasshen ganye duk ya taru a ciki. Mai itacen ya ce yara su ɓamɓare a jefar, na ce a'a a bar min, na ɗaure shi da roba a tsakanin rassan mangwaron tsakar gida, ba na ma ba shi ruwa sai dai abin da Allah ya saukar. Yanzu da sanyin nan ya shigo kawai sai ga shi ya fito da wata doguwar zangarniya mai rassa, furanni sun fi talatin, ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, ga ɗan ƙamshi.

Na sa hoton a Facebook wani ya ce min okid ne, wai Turawa okid ɗin damisa suke ce masa. Kwana biyu sai ga wani a inbos wai daga Turai yake, yana son curi ashirin zai biya da dala in na iya turo masa. Shi kuma yaron maƙwabcina da yake jami'a ya ce in yi hankali, abin yana cikin jerin tsirran da suka kusa ƙarewa a duniya, har kama mutum ana yi a kansa.

To tambayata, na farko mene ne ainihin sunan abin nan kuma wane dangi ne, zai kashe min mangwaro ne yadda kauci yake yi? Na biyu da gaske ya kusa ƙarewa ko dai zancen 'yan boko ne, tunda a motar itace na tsince shi? Na uku in mutum ya sayar laifi ne? Ga hoton nan na sake sawa. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kawo:

Hhhh Abban Khalifa ana ta kai wa yake ta kaya, buhun gawayi ya kai inda ya kai gas ya gagari talaka kai kana ta ciyawar kan bishiya. Ni dai shawara ɗaya zan baka, wannan baturen na inbos wallahi ina kyautata zaton bai taɓa hawa jirgi ba, gobe zaice ka tura kuɗin rajista ko kuɗin takardar fito kafin dala ta shigo, haka sukai wa wani abokina da zancen tsohuwar fitila. Kar ka tura ko sisi. Maganar suna kuma bari masu ilimin su zo.

Malam Habu, Samaru:

Wa alaikumus salam Abban Khalifa. Na buɗe hoton na duba, kuma da bayanin da ka yi na saiwa mai kallon sama ai ka gama aikin da kanka, wannan Ansellia africana ne. Okid ne, ba kauci ba, kuma mangwaronka ba abin da zai same shi in sha Allahu. Kauci huda reshe yake ya cusa kansa cikin jijiyar bishiya yana shan ruwanta, shi ya sa inda ya kama yake kumbura daga baya reshen ya bushe. Shi wannan wurin zama kawai yake nema a sama inda akwai haske da iska. Saiwarsa iri biyu ce, akwai masu kauri da suke lafewa a jikin ɓawo su riƙe shi, sai siraran nan masu tsini da suka miƙe sama, su aikinsu tare ganye da ƙura da kashin tsuntsu, abin ya ruɓe a ciki ya zama takinsa. Farin da kake gani a jikin saiwar wani soso ne da ke tsotse ruwan sama da raɓa nan take. Karan kuma ma'ajiyar ruwa ce, da ita yake ƙetare rani.

In kana son ka gane okid da idonka ba sai an faɗa maka ba, ciro fure ɗaya ka ɗora a tafin hannu. Za ka ƙirga kunnuwa shida, uku a baya uku a gaba, amma ɗaya daga na gaban ya sha bamban da sauran, shi ne na ƙasa, muna ce masa leɓe, a wannan nau'in ya rabu uku kuma yana da 'yan kunyoyi a tsakiya, nan ƙwaro yake sauka. A tsakiyar furen kuma ba za ka ga zare-zare masu gari irin na furen kuɓewa ko rama ba, sanda ɗaya ce 'yar lanƙwasa wadda ta haɗa namiji da mace, garin barbarar ma a dunƙule yake ƙulli-ƙulli ƙarƙashin wata 'yar hula. Sa tsinken sakace ka taɓa bakin hular a hankali, za ka ga ƙullin ya manne a tsinken ya fito. Haka yake manne wa ƙwaro ya kai wani furen.

Maganar dangi, sunan danginsu Orchidaceae, kuma ba ƙaramin dangi ba ne, nau'i kusan 28,000 a gidaje sama da 700, a duk tsirrai masu fure dangin furen rana ne kawai suke gogayya da su wajen yawa. Vanila ɗin da mata ke sawa a kek ma daga 'ya'yan wani okid ake samunta, asalinsa Meziko, yanzu Madagaska ce kan gaba a nomansa. Masana sun kasa dangin kashi 5, naka yana cikin kason da ya fi girma, Epidendroideae, inda yawancin masu hawa bishiya suke. 'Yan uwansa na kusa su ne Eulophia, waɗannan a ƙasa suke fitowa, duk wanda ya taso a ƙauye ya taɓa ganinsu bai dai san okid ba ne, farkon damina a inda aka ƙona daji za ka ga sanda ta fito daga ƙasa da fure ruwan hoda ko shanshanbale tun ganye bai fito ba.

Abin da ya sa Ansellia ya fita daban shi ne gidansu shi kaɗai ne a ciki, nau'i ɗaya tak. Da ba haka aka ɗauka ba. Saboda ya bazu daga nan yammacin Afirka har Kenya da Tanzaniya har Afirka ta Kudu, kuma kamanninsa na canzawa, na kurmi ɗigonsa manya ne masu duhu har su kusa rufe furen, na dajin da ba duhu ɗigon ƙanana, wani ma ruwan ɗorawa zalla ba ɗigo, sai kowa ya samo nasa ya raɗa masa suna, aka samu gigantea, nilotica, congoensis, confusa da sauransu. Da aka tara samfura da yawa aka jera sai aka ga ba inda za a ja layi a ce nan wannan ya tsaya wancan ya fara, kamannin a hankali suke narkewa cikin juna, sai aka maida su duka africana. In ka ci karo da tsofaffin sunayen nan a wani wuri, shi ne dai.

Sunan ma yana da alaƙa da ƙasar nan. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa 3 su hau kogin Kwara, sun zo har Lokoja, zazzaɓi ya kashe da yawa cikinsu suka koma tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko. A cikinsu akwai wani mai aikin lambu John Ansell, shi ya ga furen a jikin bishiyar kwakwar manja a tsibirin ya ɗauka, sai wani masanin tsirrai John Lindley ya yi bayaninsa a 1844 ya sa masa sunan mutumin. Ka ga kenan sunan Bature ne a kan abin da kakanninmu suka daɗe suna gani a kan giginya da goruba, haka tsarin yake, wanda ya fara rubutawa shi ke da suna.

In kana son tabbaci na takarda, yanko kara ɗaya da reshen fure ka kawo sashen nazarin tsirrai na ABU nan Zariya, akwai ɗakin adana busassun tsirrai, za a gwada da na ajiye. Babban na ƙasa yana Ibadan a cibiyar binciken gandun daji.

Ɗan Kawo:

Allah gafarta malam mun gode mun ƙaru, amma fa ni nan ne kaina ya ɗaure. Kai da bakinka kace abin nan daga Najeriya har Afirka ta Kudu akwaishi, ga shi har a motar itace ana tsintarsa, to ta ina ya kusa ƙarewa? Ni fa ina ganin turawan nan in suna son abu sai su ce ya kusa ƙarewa don su hana ka taɓawa su kuma su zo su kwasa.

Maman Walida, Barnawa:

Ɗan Kawo bari in amsa maka wannan kafin Malam ya dawo, gandun daji na karanta. Yaron maƙwabcin Abban Khalifa ya faɗi gaskiya amma ya ƙara gishiri. Akwai ƙungiyar kare halittu ta duniya da ake kira IUCN, hedikwatarta a Suwizalan, tun 1964 take da wani kundi da ake ce wa jan jeri, a nan ake sa kowace dabba ko tsiro a matakinta. Daga ƙasa akwai LC wanda ba a damu da shi ba, sai NT wanda ya kusa shiga damuwa, sai matakai uku na barazana, VU mai rauni, EN wanda ke cikin haɗari, CR wanda yake gab da ƙarewa, daga nan sai wanda ya ƙare a daji ya rage a lambu kawai, sai wanda ya ƙare kwata-kwata. Ansellia africana a VU yake. Wato yana cikin barazana amma a matakin farko, ba gobe zai ɓace ba.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne suna ɗauka ƙarancin abu kawai ake dubawa. A'a, ana duba ƙaranci, misali in manyan da suka isa haihuwa ba su kai 50 ba to CR ne kai tsaye, amma kuma ana duba saurin raguwa, ko da abin yana da yawa. In ya ragu da kashi 30 cikin 100 a shekara 10 ko a tsawon zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo, ya shiga VU, kashi 50 EN, kashi 80 CR. Ta wannan ƙofar furen nan ya shiga. Kuma in kana ganin abin mamaki ne to kaɗanya ma VU ce, maɗaci VU, bishiyar kawo da unguwarku ke amsa sunanta ita ma VU, madobiya kuwa har ta kai EN. Duk ka san su, duk kana ganinsu, amma tambayi duk wani dattijo yadda hanyar Kachia ko ta Birnin Gwari take da su da, da yadda take yanzu.

Kuma ni a ganina a nan wajenmu matsalar ma ba masu son fure ba ne. A kudancin Afirka e, can ana cire shi sosai don maganin gargajiya da farin jini da sayar wa masu lambu, har bishiya sukutum ake kayarwa don a kai gare shi. Mu nan bishiyar ake so, shi kawai tsautsayi ne ya rutsa da shi. Ba ya kama ƙaramar bishiya ta jiya, sai tsohuwa mai kaushin ɓawo da manyan rassa, irin wadda mai injin yanka da mai gawayi suke fara nema, ka ga duk tsohuwar bishiyar da ta faɗi ta tafi da abin da ke kanta. Curin da Abban Khalifa ya samu shekaru ya yi yana taruwa.

Ga kuma wahalar haihuwarsa. Irin okid ƙura ne, kwanso ɗaya na ɗauke da dubbai, amma iri ne da ba shi da guzuri, ba kamar masara ko wake da uwar ta ɗaure musu abinci a ciki ba. Dole iska ta kai shi ya sauka a ɓawon da ke da wani irin fumfuna mai zare-zare, fumfunar ta shiga cikinsa ta ciyar da shi har ya yi ganye. In bai dace da ita ba shikenan ya mutu. Cikin dubban nan ɗan kaɗan ne suke tsira, sannan a yi shekaru kafin fure na farko. To lissafa da kanka, injin yanka minti nawa yake ɗauka.

Abu ɗaya da zan ƙara, VU ɗin nan hukunci ne na Afirka gaba ɗaya an haɗa an raba. Abu yana iya zama VU a duniya amma a wata jiha an riga an share shi, ko kuma yana nan da yawa a wani lungu. Mu inda ake sa ran mafaka irin su gandun Kamuku da aka mayar na ƙasa a 1999, da duwatsun Kagoro, da kurmin bakin rafuka na kudancin jihar nan, kowa ya san halin da wasu wuraren suke ciki na tsaro, mai ƙirga fure ba zai shiga inda soja ke shiga da shiri ba. Okid ɗin duniya ma duka waɗanda aka auna aka sa a kundin ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Sani Kiliyarin, Kakuri:

Ni ɓangaren doka zan taɓa tunda fiton kaya nake yi. Yallaɓai Abban Khalifa wanda ke kan mangwaronka ba wanda zai zo ya kama ka a kansa, a reshen da aka riga aka sare ka same shi. Inda magana take shi ne tsallake boda. Akwai yarjejeniyar CITES ta cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe da aka sa wa hannu a Washinton a 1973 ta fara aiki 1975, Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga. Jan jerin da Hajiya ta yi bayani shi ba doka ba ne, ra'ayin masana ne, amma CITES doka ce, kwastan na kowace ƙasar da ta shiga da ita suke aiki. Kuma dangin okid kaf ɗinsu suna ciki, ba sai an tsaya tantance wanne ne ba, mafi yawa a rukuni na 2, wasu 'yan kaɗan irin Paphiopedilum na Asiya a rukuni na 1 wanda shi na daji ba a cinikinsa sam. Naka rukuni na 2 ne, ma'ana ana iya fitarwa amma sai da takardar izini daga ma'aikatar muhalli ta tarayya, su kuma sai masanansu sun tabbatar cire shi ba zai cutar da na daji ba, ga kuma takardar lafiyar tsiro daga hukumar killace kayan gona, NAQS. Curi ashirin da aka ɓamɓaro daga daji ba ka da gona ba ka da rajista, wa zai sa maka hannu?

In ka ce za ka cusa a kwali ka rubuta kayan ado ka aika, a can za a buɗe a ƙwace, sunanka ne a jikin kwalin ba na mai inbos ba. Kuma kar a ɗauka wasa ne, mun ga yadda ta kaya da madobiya, kwantena-kwantena ake lodawa zuwa Chana, aka sa ta rukuni na 2 a 2017, zuwa 2018 aka dakatar da Najeriya daga cinikinta gaba ɗaya, mutane da yawa kuɗinsu ya maƙale. Ɗan Kawo maganarka ta cewa su hana mu su kwasa, a nan dai dokar mai sayen ma tana hawa kansa. Sannan mai son wannan furen da gaske a Turai yana samunsa a wajen masu renonsa a can da takardunsa, an daɗe ana haifar da shi a kwalba, me zai kawo shi inbos ɗin mutumin Rigasa.

Baba Mai Fulawa:

Salamu alaikum, yarona ne ya nuna min wannan magana yake rubuta min. Ni ban yi boko ba amma na daɗe ina sana'ar fulawa a bakin titi cikin garin nan kuma wannan abin ya sha biyowa ta hannuna. Ɗana Abban Khalifa abin da ka yi na ɗaure shi a bishiya shi ne daidai, masu kashe shi su ne masu gata, su kai gida su samo tukunya mai kyau su cika da jar ƙasa da kashin shanu su binne saiwar su yi ta ban ruwa safe da yamma, sati kaɗan gindin ya yi baƙi ya ruɓe su dawo su ce na sayar musu da mara lafiya. Ba ya son ƙasa. In dole sai tukunya to ta ƙasa mai huji da yawa, a zuba gawayi manya-manya da fasasshen jan bulo da ɓawon itace, a ɗora shi a kai ba a ciki ba.

Robar nan da ka ɗaure shi da ita ka duba, in sabuwar saiwa ta kama ɓawo ka kwance ta kar ta shaƙe sabon toho, tsumma ko tsohuwar atamfa ta fi. Kar ka bar shi can cikin duhun mangwaro, in inuwa ta yi yawa ganye zai yi kore shar ya yi ta tsawo amma fure ba za ka gani ba, ka rage rassan da ke samansa ya samu ranar safe. Da sanyin nan ka ɗan fesa masa ruwa da safe jefi-jefi saboda ƙurar hunturu, ba da yamma ba. In sabon kara ya fara fitowa wajen bazara to nan yake son ruwa sosai. Sharar da ta taru a saiwar kar matan gida su ce za su gyara, abincinsa ne. Tsohon karan da ya zubar da ganye ma kar a yanke in dai bai bushe ƙamas ba.

In ya yi yawa kana iya rabawa, wuƙa mai kaifi, kowane kaso kara huɗu ko biyar da saiwarsa, ka shafa toka a wurin yankan. Ni da haka nake samun nawa. Shi ya sa Hajiya ki yi haƙuri ni ina ganin in da kowane gida mai mangwaro a Kaduna zai ɗaura ɗaya ai maganar ƙarewa ba ta taso ba.

Abban Khalifa, Rigasa:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya ƙara ilimi, Baba na gode zan kwance robar. Mai inbos tun da na ce masa sai da takardar CITES bai sake magana ba, Ɗan Kawo ka ci gari. Mai itacen ya zo ɗazu na nuna masa furen ya yi ta mamaki, ya ce su a wajensu manta uwa suke ce masa, masu magani na nema, kuma wai akwai wani bakin rafi da suke da yawa a kan manyan bishiyoyi, in ina so zai sa yara su hau su ɓamɓaro min ko buhu ne, in ba su na goro. Nace ya bari in yi shawara. Tunda Baba ya ce a yawaita shi a gidaje, ba sai in karɓa in rarraba wa mutane ba?

Malam Habu, Samaru:

A'a Abban Khalifa, wannan kam kar ka fara. Wanda ya faɗo da bishiyar da aka riga aka sare, karɓe shi, ceto ne, in ka bar shi murhu zai shiga. Amma ranar da ka ba da na goro aka hau bishiya mai rai, ka buɗe kasuwa, gobe yaran ba sai ka aike su ba, kuma reshen da hannu bai kai ba sara za su yi. Ka ce masa dai duk wanda ya gani a kan itacen da aka kayar ya ajiye maka a inuwa kar ya jefar, kuma kar ka sa masa farashin da zai sa ya fara nema.

Baba Allah ya ƙara girma, rabon da kake yi yana da kyau kuma ya fi a je daji, sai dai duk wanda ka raba daga curi ɗaya mutum ɗaya ne a wurare da yawa, jininsu ɗaya, cutar da ta kama ɗaya za ta iya kama duka. Na bakin rafin can su ne suke barbara da juna suna zuba iri, can ƙwaron yake, can fumfunar take. A kundin da Maman Walida ta faɗa ma na tsakar gida ba a ƙirga shi, abin da ya rage a lambu kaɗai sunansa ya ƙare a daji. Hanyar da ake yawaita shi da gaske ita ce shuka irin a kwalba kan wani abinci mai sukari ba tare da fumfunar ba, Lewis Knudson ya gano dabarar a Amurka a 1922, kuma ba abin da ya fi ƙarfin ɗakin gwaje-gwajen jami'o'inmu ba ne. In furenka ya ɗaura kwanso kar ka tsinke, bar shi ya ƙosa ka yi min magana.

Sunan manta uwa kuma kar ka dogara da shi wajen tantancewa, ba tsiro ɗaya ake kira da shi ba, wani gari in ka tambaya wata ciyawa daban za a miƙo maka.

Sannan dan Allah sunan ƙauyen da rafin kar ka rubuta a nan ko a Facebook. A Biyetnam an gano wani okid, Paphiopedilum canhii, aka bayyana shi a 2010, labarin wurin ya fita, cikin 'yan watanni dillalai suka kwashe kusan duka. A Zambiya kuma okid ɗin da ke fitowa a ƙasa ake haƙa, ana daka saiwar da gyaɗa a yi wani abinci chikanda, da ya zama abin kasuwa sai da nasu ya yi ƙaranci suka koma shigowa da shi daga Tanzaniya, har Tanzaniya ta kafa gandun Kitulo a 2005 musamman saboda furanninsa. In kana son wurin ya shiga lissafi, turo min ta waya ni kaɗai, ko ka sa hoton a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan tsirrai da dabbobi, ka zaɓi ɓoye wuri, masana za su ga yankin amma ba za a ga daidai inda yake ba. Ka tambayar min mai itacen wace irin bishiya ce suka fi kamawa a rafin, da kuma ko furen can ɗigonsa ya fi naka duhu.